Masu Sa Ganye Ya Yi Ƙira: Ƙwayoyin Nano da Neman Maganin Ciwon Suga

Da wanke ganye ake fara aikin. A tsinko na dogonyaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, a zaɓi lafiyayye wanda tsutsa ba ta taɓa ba, a wanke shi har ƙura ta fita, sannan a ɗauraye da tataccen ruwa. A yayyanka shi ƙanana, a auna kamar giram 20, a zuba a ruwa mililita 100, a ɗora a wuta na 'yan mintoci kawai, sannan a tace. Abin da ya sauka a kwalba ruwa ne mai ɗan kore-kore, wanda duk wanda aka taɓa dafa wa dogonyaro saboda zazzaɓi zai gane shi tun daga warinsa. A gefe akwai wata kwalbar da aka naɗe da takardar alminiyom don kada haske ya taɓa ta. Gishirin azurfa ne a ciki, an narkar da ɗan mitsitsi, abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na giram ba a lita guda, ruwan garau kamar na sha. Sai mai aikin ya ɗebi ruwan ganyen ya riƙa ɗigawa a kan na azurfar, yana motsawa a hankali.

Da farko shiru, kamar ba a yi komai ba. Can sai ruwan ya fara rinewa, ya yi ruwan ɗorawa mai haske, ya koma ruwan zuma, daga bisani ya zama ruwan ƙasa mai duhu. Babu wanda ya zuba rini, kuma launin ganyen bai kai ya yi wannan duhu ba. Azurfar da ta narke ce ta dawo ƙarfe tsantsa, amma a dunƙule-dunƙulen da suka yi ƙanƙantar da ba sa nutsewa, suna ta shawagi a ruwa. Su ake kira ƙwayoyin nano. Yau a ɗakunan gwaje-gwaje da dama, daga Indiya zuwa Masar zuwa Najeriya, akwai mutanen da suka duƙufa kan wannan aiki suna neman ko za a samu maganin ciwon suga a cikinsa. Ni dai a ganina wannan na cikin sana'o'in hannu mafi ban sha'awa da kimiyyar zamaninmu ta haifar, domin kayan aikinta na farko kowa na iya samu, amma gwanintarta sai wanda ya ci wuya a kai.

Sai an san girman abin kafin a yaba wa mai yin sa. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000, jar ƙwayar jini kuwa kamar 7,000. Ƙwayoyin da ke cikin kwalbar nan yawanci ba su kai 100 ba, wasu ma 20 ne ko 30. Ƙanƙantar nan ita ce ke sauya ɗabi'ar abu. Ɗauki curin ƙarfe mai santimita ɗaya ta kowane gefe: fatarsa ta waje murabba'in santimita 6 ce. Idan aka daddatsa shi zuwa gutsattsari masu nanomita 10, fatar da ke waje za ta zama murabba'in mita 600, alhali nauyin bai ƙaru ba. Tunda duk wata mu'amala da abu ke yi da jiki a fatarsa ake yin ta, ɗan kaɗan na irin wannan yana aikin da mai yawa ba zai yi ba. Nan amfanin yake, nan kuma haɗarin yake.

Launin ma daga ƙanƙantar ya fito. A wannan girma, ilaktoron da ke fatar ƙarfen suna kaɗawa tare idan haske ya sauka a kansu, sai su shanye wani ɓangare na hasken su bar saura. Azurfa tana shanye shuɗi, shi ya sa ake ganin ta ruwan ɗorawa zuwa ruwan ƙasa. Zinariya tana shanye kore, sai ruwanta ya fito ja. Mutane sun daɗe suna cin moriyar wannan ba tare da sanin dalili ba. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani kofin gilashi na Rumawa, na ƙarni na 4, da ake kira kofin Lycurgus. Idan haske ya faɗo masa ta gaba kore ne, idan ya ratsa shi ta baya sai ya koma ja, saboda ƙurar zinariya da azurfa da ke cikin gilashin. A 1857 Michael Faraday ya haɗa jan ruwan zinariya ya kuma bayyana cewa ƙarfen ne a warwatse, kuma kwalabensa na nan har yau. Kusa da mu ma, jan layin nan da ke fitowa a tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro ko na ciki, a yawancinsu ƙwayoyin zinariya ne suka taru a wuri guda.

Shigar ganye cikin lamarin kuwa kwanan nan ne. A da, da sinadarai ake juya narkakken ƙarfe ya koma ƙwayoyi, wasunsu masu laushi, wasu masu guba da ba a so ko ɗigonsu ya saura a abin da zai shiga jikin mutum. A 2002 Jorge Gardea-Torresdey da abokan aikinsa a jihar Texas ta Amurka suka nuna cewa ciyawar alfalfa, idan aka shuka ta inda akwai gishirin zinariya, tana tara ƙwayoyin zinariya a cikin jikinta. Ba da jimawa ba, a babban ɗakin binciken sinadarai na ƙasar Indiya da ke birnin Pune, Murali Sastry da mutanensa suka ce me zai sa a jira tsiro ya girma, bari a gwada ruwan ganyen kai tsaye. A 2004 suka fitar da sakamakon aikinsu da ganyen dogonyaro, wanda asalinsa ma bishiyar can ce kafin ta zama ta bakin hanyoyinmu. Abin da ƙwayoyin bakteriya da naman gwari, waɗanda su ma ake sa su wannan aiki, ke ɗaukar kwanaki suna yi, ruwan ganye ya yi shi cikin sa'o'i.

Aiki biyu ganyen ke yi, kuma a lokaci guda. Azurfar da ke narke a ruwa ta rasa ilaktoron ɗaya, shi ya sa ba ta iya zama ƙarfe. Ganye kuwa cike yake da sinadarai masu kyauta, irin su folifenol da filabonoid da tanin, waɗanda ke miƙa ilaktoron cikin sauƙi, su ne ma ke sa bagaruwa da ganyen shayi ɗaure baki. Da zarar azurfa ta karɓa sai ta koma ƙarfe, 'yan'uwanta su manne mata, ƙwaya ta fara girma. Da za a bar ta haka, da sai ta yi ta girma har ta zama baƙin gari a gindin kwalba. To a nan aiki na biyu ke shigowa: waɗannan sinadarai na ganye suna lulluɓe ƙwayar, su yi mata riga, su tsayar da girmanta, su hana ta mannewa da maƙwabciyarta. Wannan riga ita ce dalilin da ya sa masu neman magani suka damu da hanyar ganye, domin ƙwayar ba tsirara take fitowa ba, tana ɗauke da wani abu na tsiron da ya haife ta.

Kowa zai iya sa ruwa ya sauya launi. Gwaninta ita ce a samu girman da ake so, da siffar da ake so, yau da gobe da wata mai zuwa. Idan ruwan ganye ya yi yawa, ƙwayoyi da yawa za su tsiro lokaci ɗaya, su fito ƙanana. Idan ya yi kaɗan, 'yan tsiraru ne za su tsiro, su yi ƙiba, wasu su fito da kusurwa uku, wasu shida. Zafi yana gaggauta aikin, amma idan ya wuce kima yana lalata rigar. Idan ruwan ya karkata wajen tsami aikin yana jan ƙafa, idan ya karkata wajen kanwa sai ya yi sauri, wani lokaci saurin da ba a iya riƙe shi. Haske kaɗai yana iya juya gishirin azurfa, shi ya sa ake naɗe kwalba, kuma shi ya sa wanda ya taɓa shi babu safar hannu zai wayi gari da baƙin tabo a yatsu. Ruwan famfo ko na rijiya kuwa yana ɗauke da ɗan gishiri wanda da ya haɗu da azurfa sai ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, aikin ranar ya tashi a banza. Ko kwalbar da ba a wanke sosai ba tana iya jawo haka.

Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano zai fahimci irin idon da ake buƙata. Marini yana haɗa baba da toka da katsi, ya jira kwanaki, kuma da kallon kumfa da launin ruwa da jin wari yake sanin ko rijiyarsa ta nuna. Zane yana fitowa da kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Karɓa da miƙa ilaktoron ne a can ma. Gwanin ƙwayoyin nano yana da irin wannan ido: ya ɗaga kwalba sama, idan ruwan zinariya ja ne garau ya san ƙwayoyinsa ƙanana ne a warwatse, idan ya fara komawa shuɗi ko ruwan toka ya san sun fara cuɗewa, aiki ya fara ɓaci.

Babbar wahalar ma a ganyen take. Ganyen damina ba ɗaya yake da na rani ba, tsohon ganye ba ɗaya yake da toho ba, bishiyar fadama daban da ta tudu. Shi ya sa mai aikin kirki ke rubuta inda ya tsinko da ranar da ya tsinko, ya kai samfuri wurin masanin tsirrai a tabbatar da sunan, a ajiye busasshen reshe a ma'ajiyar ganyayyaki ta jami'a da lambarsa, don duk mai son maimaita aikin ya san ainihin abin da aka yi amfani da shi. Wasu suna auna yawan folifenol na kowane dahuwa kafin su ɗiga ko ɗigo ɗaya. Wannan ɓangare ba ya fitowa a hoto, ba a kuma yi masa tafi, amma shi ke raba bincike da dace.

Daga nan sai awo, domin ido yana nuna hanya ne kawai. Ana sa ɗan ruwan a na'urar da ke auna irin hasken da yake shanyewa. Azurfa tana nuna tudu a wajen nanomita 420, zinariya a wajen 520. Tudu siriri mai tsini albishir ne, yana nufin ƙwayoyin kusan girmansu ɗaya. Mai faɗi kuwa yana nufin an samu manya da ƙanana a gauraye. Sannan a ɗiga ɗigo a kan wata 'yar ƙaramar rariyar tagulla, a bar shi ya bushe, a sa a madubin lantarki, wanda ke iya nuna ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga ɗaruruwa a auna kowace. A auna cajin lantarkin da ke jikinsu, domin idan ya kai wajen milibolt 30 suna ture juna su daɗe a warwatse, idan bai kai ba za su dunƙule tun kafin su isa inda aka aike su. Kuma dole a wanke su. A juya su a injin da ke wulwula ruwa da gudu har su kwanta, a zubar da na sama, a sake zuba tataccen ruwa, a maimaita. Wanda ya yi ƙiwar wankin nan ba zai taɓa sanin ko ƙwayarsa ce ta yi aiki ko ragowar ruwan ganye ba.

To me ya haɗa wannan duka da ciwon suga? Ƙididdigar ƙungiyar duniya mai kula da cutar, IDF, ta nuna cewa a 2024 manya kimanin miliyan 589 ne ke ɗauke da ita. A ƙididdigarta ta 2021, Afirka kudu da Sahara tana da miliyan 24, Najeriya kaɗai miliyan 3.6, kuma fiye da rabin masu cutar a yankin ba su ma san suna da ita ba. Kusan tara cikin goma nau'i na biyu ne, wanda jiki ke daina jin maganar insulin, gaɓar da ke yin sa, wato fankiriyas, ta yi ta ƙoƙari har ta gaji. Babu gidan da bai san wani da ke fama ba: yawan fitsari da ƙishirwa, ramewa, ido ya dushe, gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, ga tsadar magani da ba a gamawa da shi.

Neman maganinsa a tsirrai kuwa ba tatsuniya ba ce. Metfomin, wanda shi ake fara ba mai nau'i na biyu kusan ko'ina a duniya, silarsa wani tsiro ne na Turai mai suna Galega officinalis, kuma likitan Faransa Jean Sterne ne ya gabatar da shi ga masu ciwon suga a 1957. Sababbin magungunan nan da ke sa ƙoda ta zubar da suga ta fitsari, asalinsu wani sinadari ne da aka ciro daga ɓawon itacen tuffa tun 1835. A wajenmu ma an daɗe ana jiƙa shuwaka da garahuni da zogale da hulba. Matsalar ita ce da yawa daga cikin sinadaran tsirrai masu amfani ba sa narkewa sosai a ruwa, tsamin ciki yana lalata wasu, hanji ba ya tsotse su, ɗan abin da ya shiga kuma hanta ta yi maza ta kawar da shi. Ga magani a baki, amma bai isa jini ba. Fatan masu nano shi ne ƙwaya ta zama abin hawa, ta kare sinadarin, ta ƙetare da shi.

Gwajin farko a kwalba ake yin sa, kuma yana da kyaun kallo. Tuwo ko shinkafa ko burodi sitaci ne. Kafin ya zama suga a jini sai wasu ma'aikata biyu sun daddatsa shi: alfa-amiles da ke cikin yawu da ruwan fankiriyas, sannan alfa-gulukosides da ke jikin bangon hanji. Idan aka rage musu hanzari, suga zai shiga jini sannu a hankali maimakon ya yi tsalle bayan cin abinci. Haka maganin akabos ke aiki, duk da yana jawo kumburin ciki da yawan iska. Sai mai bincike ya jera 'yan kwalabe, kowace da ruwan sitaci da amiles, wasu ya ƙara musu ƙwayoyinsa a ma'auni daban-daban. Bayan 'yan mintoci a ɗumi irin na jikin mutum, sai ya ɗiga aidin. Inda amiles ya cinye sitaci, ruwan ba ya sauyawa. Inda ƙwayoyin suka riƙe masa hannu, sitaci na nan, ruwan ya yi shuɗi mai duhu. Zurfin shuɗin shi ne ma'aunin ƙarfin maganin.

A nan ake gane mai gaskiya. Ƙwayoyin da kansu suna da launi, kuma launinsu na iya ruɗar na'ura ta ba da lamba mai daɗin ji. Gwani yana ajiye kwalba mai ƙwayoyi zalla ya cire nata lissafin. Yana kuma jera ruwan ganye shi kaɗai, da gishirin ƙarfe shi kaɗai, da akabos, domin tambayar ita ce ko ƙwayar ta fi iyayenta, ko ta kusa da maganin da ake da shi. Azurfa tana hana ma'aikatan jiki da yawa aiki, har da waɗanda ba a so a taɓa, don haka ganin ta tsayar da amiles a kwalba somin-taɓi ne kawai. Ina matuƙar ganin girman mai binciken da zai rubuta cewa ƙwayarsa ba ta fi ruwan ganyen da komai ba, bayan ya kashe watanni a kanta.

Wanda ya haye wannan mataki sai ya koma kan ɓeraye, da izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobi. Ana yi musu allurar wani dafi mai suna sitireftozotosin, wanda aka fara samu daga bakteriyar ƙasa, kuma yana zuwa kai tsaye ya kashe ƙwayoyin halittar da ke yin insulin. Bayan kamar kwana uku a ɗan tsaga ƙarshen wutsiya, a ɗiga jini a tsinken awo irin wanda marasa lafiya ke amfani da shi a gida. Waɗanda sugansu ya hau sai a kasa su: wasu ba a ba su komai, wasu metfomin, wasu ruwan ganye, wasu ƙwayoyin nano. Kullum a ba su a lokaci ɗaya, a auna nauyi, a auna ruwan da suka sha, na tsawon mako uku ko huɗu. A ƙarshe a duba hanta da ƙoda da fankiriyas a ƙarƙashin madubi. Masu lura sun san cewa wannan dafi ya fi kwaikwayon nau'i na ɗaya, wanda jiki ke daina yin insulin, don haka idan nau'i na biyu suke nufi sai su fara ciyar da ɓerayen abinci mai maiƙo na makonni, sannan su ba da dafin kaɗan.

Ba azurfa da zinariya kaɗai ake ƙerawa ba. Wanda ya fi kama hankali a maganar suga shi ne sinadarin zink, domin jiki da kansa da shi yake ajiye insulin: a cikin fankiriyas, insulin shida ne ke kewaye zink biyu su zauna a dunƙule har lokacin da za a buƙace su. A 2015 wasu masu bincike a birnin Kolkata na Indiya suka ƙera ƙwayoyin zink da ruwan ganyen yakuwa, wannan dai da muke miya da shi muke kuma shan zoɓonsa. Suka sassauya zafin da suke aiki da shi, suka samu manya da ƙanana. Da suka gwada a ɓeraye masu ciwon suga, ƙananan da ke sanye da rigar ganyen sun fi manyan tasiri. Darasin da na ɗauka a nan shi ne bambancin zafin wuta a kan tebur ya je ya bayyana a jinin dabba. Hannun mai haɗawa yana cikin maganin.

Akwai wani reshe na wannan sana'a da ya fi burge ni, wanda babu ƙarfe a cikinsa sam. Ashe tsirrai da kansu suna da nasu ƙwayoyin nano, wasu 'yan jakunkuna masu fatar maiƙo, ɗauke da furotin da guntayen saƙonnin gado. Huang-Ge Zhang da abokan aikinsa a Jami'ar Louisville da ke Kentucky a Amurka sun shafe shekaru suna ciro su, daga inabi, daga lemon taɓa mai ɗaci, sannan daga citta. A nan aikin tsamowa ne. A niƙa ɗanyar citta a matse ruwanta. A juya a inji a hankali, ɓawo da zare su kwanta, a kwashe na sama. A ƙara gudu, wasu su sake kwantawa, a sake kwashewa. Haka mataki-mataki, cikin sanyi, har a kai ga injin da ke juyi da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 100,000 ko fiye, a bar shi sama da sa'a guda. Ɗan abin da ya manne a gindin bututun shi ake nema.

Duk da haka bai tsarkaka ba tukuna. Sai a ɗauki siririn bututu a jera ruwan sukari hawa-hawa, mai kauri a ƙasa, mai sauƙi a sama, a zuba kowane hawa a hankali ƙwarai don kada ya gauraya da na ƙarƙashinsa. Rawar hannu kaɗan ta isa ta ɓata shi. A ɗora samfurin a sama, a sake juyawa. Kowane abu zai nutsa har ya isa hawan da nauyinsu ya zo ɗaya, ya tsaya a nan. Da an fito da bututun za a ga wasu siraran zobba masu hazo a tsakiya, sai a sa allura a zuƙo wanda ake so shi kaɗai.

Waɗannan jakunkuna na citta suna jure tsamin ciki, su isa hanji da ransu. A 2018 mutanen Louisville suka nuna cewa wasu bakteriyar hanji masu amfani suna haɗiye su, kuma saƙon da ke ciki yana sauya yadda bakteriyar ke aiki. A 2022 suka ba da rahoton cewa ɓerayen da aka ciyar da abinci mai maiƙo, aka kuma riƙa ba su ƙwayoyin citta ta baki, jikinsu bai daina jin insulin ba kamar na waɗanda ba a ba su ba, kuma sun danganta hakan da wani furotin na bangon hanji mai suna Foxa2. Mu da ke da Kachiya da Jaba da Kagarko, inda ake noma cittar da ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ke kan gaba a duniya, wannan labari ya kamata ya tsaya mana a rai.

Bayan ƙwayoyin ƙarfe da jakunkunan tsirrai, hanya ta uku ita ce a ciro sinadarin tsiro a naɗe shi cikin ƙwayar maiƙo ko wani abu mai narkewa a jiki. Ita ce ta fi kusa da mutane. A birnin Mashhad na Iran, a wani gwaji da aka wallafa a 2016, an raba masu ciwon suga 70 gida biyu, aka ba rabi sinadarin kurkum da aka naɗe haka na wata uku, kuma ma'aunin sugansu na dogon zango ya sauka fiye da na sauran. Gwaji ne ƙarami, gajere kuma, amma a jikin mutane aka yi shi.

Dole a faɗi inda aka tsaya, kuma gwanayen aikin su ne kan gaba wajen faɗa. Har yanzu babu wata ƙwayar ƙarfe da aka ƙera da ganye da hukumar magunguna ta amince a ba mai ciwon suga. Ciwon suga abokin zama ne na shekaru, maganinsa kullum ake sha, don haka gwajin mako huɗu a ɓera ba ya amsa tambayar abin da zai taru a hanta da ƙoda bayan shekara goma, ga shi ƙodar mai suga dama a wahale take. Azurfa idan ta taru a jiki tana mayar da fata ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, kuma ba ta komawa. Tun 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce ruwan azurfar da ake sayarwa don sha ba a tabbatar da amincinsa ko amfaninsa ba. Duk wanda ya zo maka da kwalba yana cewa maganin nano ne na suga, ka ajiye metfomin ko insulin ɗinka, to ranka yake wasa da shi. Wannan magana ina yin ta ne da ciwon zuciya, domin sunan kimiyya yana saurin zama jarin 'yan damfara, kuma wanda ke biyan kuɗin shi ne dattijon da za a yanke wa ƙafa.

Amma hanyar ba toshe take ba, an taɓa bin ta an fita. Maganin kansar nan Abraxane, wanda aka amince da shi a Amurka a 2005, sinadari ne da aka fara samu daga ɓawon wata bishiya, aka naɗe shi cikin ƙwayoyin furotin masu kimanin nanomita 130. Bandejin da aka shafe da ƙurar azurfa ya daɗe a asibitoci ana rufe ƙuna da gyambo da shi, duk da ba da ganye aka ƙera tasa ba. Ina kyautata zaton ta nan ƙwayoyin ganye za su fara isa ga mai ciwon suga, wato ta gyambon ƙafa, inda ake shafawa a waje kuma kashe ƙwayoyin cuta shi ne abin da azurfa ta fi iyawa.

A Najeriya ma akwai masu hannu a sana'ar. A Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomosho, Farfesa Agbaje Lateef da tawagarsa sun ƙera ƙwayoyin azurfa da kwasfar goro, wadda ake zubarwa bayan an ɓare, suka gwada su a kan ƙwayoyin cuta, har suka zuba su a fenti. Ɗalibai a jami'o'in Arewa suna yin irin wannan da zogale da shuwaka da bagaruwa. Dafa ganye da ɗiga shi ba ya gagarar kowa a cikinsu. Inda ake shan wuya shi ne madubin lantarki, wanda sau da yawa sai an aika samfuri wani gari ko wata ƙasa, a jira makonni, ƙwayoyin kuma suna iya dunƙulewa a hanya. Injin da ke tsamo jakunkunan citta yana son wuta tsayayya na sa'o'i da sanyi mara yankewa, idan aka ɗauke wuta a tsakiyar juyi sai a koma niƙa sabuwar citta. Cibiya guda mai waɗannan na'urori da wutar rana, wadda jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai za su riƙa kai samfuri cikin kwana ɗaya, za ta ba ɗalibin da ya iya haɗawa damar ya ga abin da ya haɗa tun bai lalace ba, ya gyara ma'auninsa, ya sake gwadawa a makon.